Famfon cikin tankin kifi yana fitar da kumfa

Mai tarwada, Ringim:
Salamu alaikum. Famfon da ke nutse cikin tankin 'ya'yan tarwada yana ta feso ƙananan kumfa, yana kuma ƙara kamar ana gurza tsakuwa. Ina matsalar take?

Mai gyaran famfo, Bichi:
Wa alaikumus salam, Malam. Fara cire wuta tukuna. Yawanci ruwa ne ya ja baya, famfon yana zuƙo iska daga sama. In yana aiki, za ka ga ruwan yana juyawa daidai kansa. Ƙara ruwa ya rufe shi da aƙalla santimita 20. Sai ka karkata shi cikin ruwan, ka girgiza, iskar da ta maƙale a wajen farfela ta fita. In dutsen iska, wato wanda ke busa iska cikin ruwan tanki, yana kusa da bakin famfon, matsar da dutsen can gefe.

Mai ƙyanƙyasa, Hadeja:
Ƙarar nan ta fi kama da toshewa, ɗan'uwa. Ragowar abinci da kashin kifi suna cushe soson da ke tace ruwa a bakin famfon, ruwa ya kasa shiga. Wanke soson da ruwan tankin, ban da sabulu, ka zare farfela ka duba ko yashi ya cinye ta.

Mai gyaran famfo, Bichi:
Haka ne. Idan kuma kumfar a bangon tanki da jikin kifin take mannewa, ruwan burtsatse ne mai iska a narke, kuma yana kashe ƙananan kifi. A tara shi a buɗaɗɗen duro ya kwana kafin a zuba.