Neman kalmar Hausa: "evaporation" da "vapour pressure"

1/ 'Yan'uwa malaman kimiyya, ku zo mu tsayar da magana kan waɗannan kalmomi biyu, domin kowa da abin da yake faɗa wa ɗalibai a aji.

2/ Ta farko, wato yadda ruwa ke tashi sama a hankali daga samansa ko bai tafasa ba, wasu na cewa "ƙafewa". Ban gamsu ba. Rijiya kan ƙafe don ruwan ƙasa ya ja baya, ba lallai don ya tashi sama ba. "Tafasa" kuwa wani abu ne daban: wanki yana bushewa a kan igiya da hunturu alhali ruwansa bai ko yi ɗumi ba. "Bin iska" ya fi kusa, haka ake cewa idan an bar galan ɗin fetur a buɗe, sai dai ruwa yana tashi ko a cikin kwalbar da aka zuƙe iskarta kaf.

Ni dai na fi natsuwa da "tashin tururi". Sharaɗinsa ɗaya: malami ya gaya wa yara cewa farin abin da suke gani bisa tukunya ƙananan ɗigon ruwa ne, ainihin tururin ido ba ya ganinsa.

3/ In mun karɓi wannan, ta biyu ta zo da sauƙi: "matsin tururi". Zuba ruwa rabin kwalba ka toshe bakinta. Ƙananan ƙwayoyin ruwan da suka fi kuzari suna kuɓucewa daga saman ruwan, wasu suna komowa, har masu fita da masu dawowa su yi daidai. Ƙarfin da tururin ke danna bangon kwalbar da shi a wannan hali, shi muke nufi.

Zafi ke ƙara shi. Na ruwa a digiri 25 na Celsius kusan kilofaskal (ma'aunin matsi) 3.2 ne, a digiri 100 ya kai 101.3, daidai da matsin iska a bakin teku, sai ruwan ya tafasa. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, iska ba ta danna ruwa haka, don haka yakan tafasa wajen digiri 96. Na fetur ya ninka na ruwa sosai, shi ya sa galan ke kumbura a rana, in ka murɗe murfin ya yi huci.

4/ Akwai masu son "suraci" maimakon tururi. A kunnena suraci ya riga ya tafi ga mai mura da ya lulluɓa da bargo bisa ruwan zafi. Malaman Sakkwato, Maraɗi da Damagaram, a bakinku wanne ya fi zama?