Bakina ya yi nauyi wajen addu'a, ku ba ni shawara

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama. Shekara 2 ke nan maigidana yana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Ni ke juya shi, ni ke ba shi abinci a baki, rabi ya zubo ta gefen da ya mutu. An yi azumi, an yi addu'a, shiru kake ji. Jiya wata ta zo dubiya, ta ce da bangaskiyata ta kai da tuni ya miƙe. Tun fitarta na kasa addu'a, sai kuka. Begena ne ya mutu?

Wani matashi: Mama, ki share hawaye, kuka alamar shakka ce. Ki ci gaba da furta warkarwa.

Wani dattijon ikilisiya: A'a ɗana, yi a hankali. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi. Shakka ce wannan? 'Yata, Manzo Bulus sau 3 ya roƙi Ubangiji ya cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, alheri aka ba shi na ɗauka (2 Korintiyawa 12). Wa zai ce Bulus bai da bangaskiya? A Romawa 8 kuwa ya ce abin da ido ya riga ya gani bai zama bege ba. Begenmu na kan tashin Almasihu daga matattu, ko maigidanki ya miƙe bana ko bai miƙe ba. Mai dubiyar nan ta tuna mini da abokan Ayuba: kwana 7 suka zauna da shi ba wanda ya ce uffan, da suka buɗe baki ne suka ɓata.

Wata uwa: Sannu ƙanwata, na yi jinyar ɗana, na san wannan nauyin baki. Zabura 88 na riƙe, wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da amsa ba. Nakan karanta ta a bakin gado in ce amin, shi ke nan addu'ata ta ranar. Amma tsaya, yaushe rabonki da barcin kirki? Ki gaya wa fastonku a raba miki kwanakin jinya.

Mai tambaya: Na gode Baba, na gode Yaya. Barci kam rabona da shi tun watan jiya. Na karanta masa Zaburar yanzu, ya matse hannuna da hannunsa mai lafiyar. Gobe zan kira fasto.