'Yan tsakina suna mutuwa cikin dare, in ba su rigakafi ko in dakata?

Sabuwar Mai Kiwo: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka min. Na sayo 'yan tsaki 100, yau kwanansu 5. Shekaranjiya na wayi gari 3 sun mutu, yau kuma 4. Da rana lafiya ƙalau suke ci suke sha, sai dai wasu na ɗaga kai suna buɗe baki. Babu jini a kashinsu. Da gawayi nake ɗumama ɗakin, kuma na toshe tagogi da leda saboda sanyi. Jibi ne ya kamata in ba su Lasota, rigakafin cutar Newcastle. In bayar, ko in fara da magani?

Abu Mai Ƙwai: Wa'alaikissalam. Koksi ce, cutar hanjin nan, ba ko shakka. Sayi amfuroliyam ki zuba musu a ruwa kwana 5.

Hajiya Mai Kaji: Haba Malam, ka karanta kuwa? Ta ce babu jini, kuma kwanansu 5. Koksi ba ta cika tashi ba sai wajen mako uku zuwa shida, in shimfiɗa ta jiƙe. 'Yata, da yaya kike samun gawarwakin? A cunkushe kusa da wuta ko a warwatse? Cunkusuwa sanyi ne, har sukan danne juna su mutu. In sun gudu jikin bango suna haki, zafi ya yi yawa. Makon farko digiri 32 zuwa 35 ake so, daga nan ana rage kamar 3 duk mako.

Baban Yara: Lasota aka ambata, bari in faɗi abin da har yau bai bar raina ba. Tsaki 300 na zuba, duk abin da na tara na shekara biyu. Ban tsallake ko rigakafi ɗaya ba, na cutar Gumboro ma na ba su sau biyu, na rubuta a bango. Suna mako huɗu, girma ya fara fitowa, har ina lissafin masu saye. Ran nan na shiga na tarar sun yi jugum, gashi a tashe, zawo fari kamar ruwa, suna caccakar duburarsu. Kafin kwana huɗu na kwashi fiye da 100 a buhu. Da hannuna na haƙa rami. Matata ta daina shiga wajen. Likitan da ya feɗe su ya nuna min wata 'yar jaka kusa da dubura ta kumbura, ya ce Gumboro ce. Na ce ai na yi rigakafi. Ya tambaye ni yadda aka ba ni kwalbar. Wallahi daga kan kanta mai shagon ya ɗauko, ko ƙanƙara bai sa min ba. Ashe ruwan banza na ba su.

Abu Mai Ƙwai: Innalillahi. Allah Ya mayar da alheri, Baba.

Ɗan Autan Gona: Amin. Amma fa tsaki 7 cikin 100, kiran likita ya fi kuɗin su bakwai ɗin. Ki sayi maganin ƙwayoyin cuta na gari kawai, ba shi da tsada.

Hajiya Mai Kaji: Ni dai da na kai gawa aka feɗe, abin da na biya bai kai rabin buhun abinci ba. Kuma maganin da kake cewa arha, ni tsada na same shi.

Ɗan Autan Gona: To ke Hajiya likitan surukinki ne ke nan, a yi mana hanya mana 😄

Malamin Dabbobi: 'Yar'uwa, amsar tana cikin tambayarki. Gawayi a ɗaki rufe ruf, mutuwa cikin dare, buɗe baki. Gawayi yana cinye iskar ɗaki, yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ko mutum tana kashewa. Yau ɗin nan ki buɗe kafa ta sama, iska ta riƙa fita ba tare da ta bugi tsakin kai tsaye ba, kuma ki hura gawayin a waje, sai ya zama garwashi ki shigo da shi. Ki shinshina shimfiɗar. In diddigar katakon tana warin funfuna, ita ma tana kama huhu ta sa haki, ki canza ta duka. Sannan ki juya waɗanda suka mutu: ciki a kumbure, cibiya ba ta warke ba, ga wari, wannan gwaiduwar cikinsu ce ta ruɓe, kuma yawanci daga wurin ƙyanƙyasa ake zuwa da shi. Batun Lasota, ba a yi wa tsaki marar lafiya rigakafi. Ki dakata har mutuwar ta tsaya. Wadda ta mutu yanzu-yanzu ita za ki kai a feɗe, ba ta jiya ba.

Abu Mai Ƙwai: Da girmamawa Malam, kaji nawa ka taɓa kiwo da kanka? Mu da muke kwana cikinsu shekara goma, da gawayi muka saba.

Hajiya Mai Kaji: Kai da ka ce koksi ba tare da ka ga kashi ba? Gawayin muka saba da shi, amma wa ya taɓa toshe ko'ina da leda?

Uwar Biyu: Ni abin da ya kusa ƙarar min da nawa kashi ne da ya bushe ya toshe musu dubura. Ruwan ɗumi da tsumma na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ki taɓa maƙoƙonsu ma da yamma, wanda nasa babu komai bai gano abinci ba, ki tsoma bakinsa a ruwa.

Baban Yara: Duk wannan gaskiya ne, amma masu sayarwa fa? Su haɗa maka ragowar tsakin da aka ƙi, su kwana a mota cikin kwali ba ruwa, su ce na yau ne.

Ɗan Autan Gona: Tsako na iya kai kwana uku da gwaiduwar cikinsa, shi ya sa suke samun damar ɓoye mana. Ni nawa ƙafafunsu a bushe suka iso. Na koma na yi magana, aka ce ɗakina ne.

Uwar Biyu: Kullum ɗakinka ne. Ni an ce min an yi musu rigakafin cutar Marek a ranar farko, na nemi takarda, har yau.

Sabuwar Mai Kiwo: Na gode ƙwarai jama'a. Na yage ledar sama, na fitar da gawayin. Na juya biyu daga cikin na yau, ɗaya cibiyarta baƙa ce, ciki a kumbure, ɗayar kuma ban ga komai ba. To yanzu iskar ce ko daga can aka kawo min su haka?

Baban Yara: Wa ya sayar miki? Kada ki faɗi suna a nan, ki dai gaya min, a kwali suka zo ko a kwando, kuma awa nawa suka yi a hanya?