"Ischio-jambiers" da Hausa: jijiya ce ko tsoka?

Mai tambaya: Salamu alaikum ƴan Damagaram. Ran Asabar ina da shirin lafiya a rediyo, baƙona kine ne, wato masanin gyaran gaɓoɓi ta motsa jiki. Da muka zauna tsara hira, bakinsa bai rabu da kalmomin Faransanci "ischio-jambiers" da "étirement" ba. Masu saurarenmu na wajen iyaka kuma "hamstring" suka sani, wato "ischio-jambiers" da Ingilishi. Na ce masa tsohuwata da ke Birni ba za ta kama ko ɗaya ba.

Ga yadda ya bayyana mini "ischio-jambiers". Nama ne guda 3 a bayan cinya. Suna tasowa daga ƙashin da ke damunka in ka daɗe kan benci, su sauko su ƙetare bayan gwiwa, biyu su kama ta ciki, ɗaya ta waje. Su ke lanƙwasa gwiwa, su ke mai da cinya baya. Wurin nan ne ke jan mutum in ya yi ruku'u gwiwa a miƙe. Me za mu kira su?

Ɗan kabu-kabu: Yaya, ai suna da suna. Jijiyar bayan cinya. Kowa haka yake cewa. Ni da nake wuni bisa mashin, da na duƙa ɗaure takalmi sai in ji ta ɗame.

Malamar jinya: Ƙanena, haka ake cewa, amma ni ban yarda a kai shi rediyo ba. Jijiya a bakinmu buhu ce, komai ana zubawa. Wadda muke nema a hannu mu ɗebi jini, jijiya. Wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, jijiya. Igiyar da ke ɗaure nama da ƙashi, ita ma jijiya. A bayan cinya kuwa akwai jijiyar saƙo ta gaske, mafi kauri a jikin mutum, wadda likitoci ke kira siyatik. Daga ƙugu take fitowa, ta bi ƙarƙashin naman nan har ƙafa. In ka ce wa mutane su ja jijiyar bayan cinya, mai ciwon siyatik zai ɗauka da shi ake, ya je ya ja ta ya ƙara wa kansa. Bambancin ana jin sa. In nama ne ke ja, jan yana tsayawa a tsakiyar cinya. In kuwa abu ya zarce kamar tafiyar kiyashi ko zuga har tafin ƙafa, wannan ba nama ba ne, a dakata a ga likita.

Ɗan mahauta: Ku zo kasuwar Dole ku ga cinyar rago a rataye, gardama ta ƙare. Jan nama marar ƙashi tsoka ne. Farin abu mai tauri da ke ƙarshensa, wanda wuƙa ke zamewa a kai, agara muke ce masa. Babana bai taɓa haɗa su ba.

Mai tambaya: Madalla da mahauta. Na sa hannu bayan gwiwata yanzu, na taɓa igiyoyin nan masu tauri hagu da dama. Ashe su Ingilishi ya gani ya raɗa suna, don "ham" a tsohon harshensu lungun bayan gwiwa ne, "string" kuma igiya. Faransanci kwatancen hanya kawai ya yi, daga ƙashin zama zuwa ƙafa. To mu ma mu yi kwatance: tsokar bayan cinya, in an tara su tsokokin bayan cinya. Saura "étirement".

Tsohon ɗan kokowa: Ɗana, miƙa. Wadda kake yi in ka tashi daga barci, ita ce dai aka mai da aiki. Kar ka ce ja, yara za su ɗauka fizga ce, kuma fizga ke yaga tsoka.

Kine: Baba ya yi daidai. Sai dai miƙar iri-iri ce, kowace na son sunanta. Akwai wadda za ka ɗora dunduniya kan kujera, baya a miƙe, ka duƙa daga ƙugu har ka ji ja marar zafi, ka tsaya kamar sakan 30 ba girgiza. Akwai ta kaɗa ƙafa gaba da baya kafin wasa. Akwai ta mutum biyu: kana kwance rigingine, ƙafarka bisa kafaɗata, ka danna ni da dunduniya sakan 5 zuwa 10, ka saki, ni kuma in ƙara ɗaga ta kaɗan. Duka bayan jiki ya ɗumama ake yi.

Malamar jinya: Ta farko miƙa-riƙe, ta biyu lilon ƙafa, ta uku danna-saki.

Ɗan kabu-kabu: Danna-saki kamar birki ke nan, Hajiya. Wannan ko a tasha za a gane.

Mai tambaya: Na rubuta duka uku. "Thérapie manuelle" fa? Na so in ce tausa, kine ya yamutsa fuska.

Kine: Tausa ɓangare ce kawai. Muna murza tsoka, muna kuma motsa gaɓa da hannu, danna-sakin ma a ciki take. In ka ce ɗori, mutane za su zo mini da karaya. Ka ce jinyar hannu.

Tsohon ɗan kokowa: Jinyar hannu kuma? Wanda ya ji zai ce hannu ne ba lafiya.

Mai tambaya: Gaskiya ne Baba. Ran Asabar zan ce tausa da motsa gaɓa, ko da ya yi tsawo. Tsokar bayan cinya da miƙa sun zauna. Wanda ya samo gajeren suna na wannan na ƙarshe, ya kira mu a shirin.