Rigar da Ba Ta Shiga Adaidaita

Tela na Fagge:
Assalamu alaikum. 'Yar ƙanwata ce ta ja ni wani zaure a Nasarawa daren Asabar, wai in ga ɗinkin da ya sha gaban yayi. Ban taɓa zuwa irinsa ba. Ga rahoto, amsa-amona "ya". Mai ja ya shigo.

Na shiga zaure an kashe fitilu duka,
Sai doguwar hanya guda a tsakiya.
Kiɗa na tashi kamar bugun mabuga,
Sai ga wata ta fito, fuska ba dariya.
Kafaɗar rigarta ta fi ƙofa faɗi,
An sa waya ciki, an ɗaure da igiya.
Hannu guda ya kai ƙasa yana shara,
Ɗayan kuwa an datse shi ba tambaya.
Wani ya biyo ta sanye da buhun shinkafa,
Tambarin kamfani raɗau a baya.
Bakin zani ba kalmasa, zare na reto,
Da yaron shagona ne da ya sha tsiya.
Jama'a na tafi, ni ina lissafi,
Turmi uku sun ƙare a riga ɗaya.
Wa zai saka wannan ya tafi gidan biki?
Ko adaidaita ba ta ɗauka, gaskiya.

Hajiya 'Yar Kwari:
Malam, sannu da kallo. "Ya" ta yi mini wuya, na koma "ri".

Ni dai ban je ba, hotuna na gani,
Kuma awona shi ne ciniki a Kwari.
Baƙona na Agadas da na Injamena
Shadda suke nema, da atamfa mai kauri.
In na rataye buhu a ƙofar shago,
Maƙwabta za su ce na cinye jari.

Ɗan Marina:
Baba Tela, a yi mini afuwa, ni ma ina wurin, can layin baya. Yadin da ke jikin mai kafaɗar nan daga karofinmu ya fito.

Baba, ka ga waya, ka ga buhun shinkafa,
Ba ka ga shuɗin ba, aikin marina.
Tun 1498 ake ƙirga Ƙofar Mata,
Gado ne, a nan na tarar da kakana.
Baba da toka da katsi muke zubawa,
Mu bar ruwa ya yi kwanaki har ya nuna.
A tsoma, a ɗaga, iska ta buge shi,
Ya fito kore, ya rikiɗe shuɗi a rana.
Mata a gida ke ƙulle shi da zare,
Inda ƙulli ya kama, fari ya zauna.
Bature Barth da ya zo a 1851,
Ya tarar zanen Kano har Tumbutu yake kwana.
Yau ramuka da dama sun bushe ƙayau,
Kasuwar, yadin Sin ya kashe mana.
Mai ɗinkin nan ta zo ta biya lakadan,
Ko laima ta ɗinka da shi, ba ruwana.

'Yar Kawu:
Kawu, ina gaisuwa. Tun a mota kake ta faɗa ban tanka ba, yau ka ba ni fili.

Ran Hawan Daushe kai ka ɗora ni a wuya,
A Ƙofar Kudu, muna kallon doki.
'Yan lifida an naɗe su da auduga dam,
Ga kwalkwali bisa kai, abin mamaki.
Rawani mai kunne biyu ya miƙe sama,
Takalmin gashin jimina a ƙafar sarki.
Wa ya ce su shiga adaidaita da su?
Don ido aka yi su, ba don zuwa aiki.
Babbar riga mai aska takwas fa, Kawu,
Wata nawa take ci a hannun mai ɗinki?
Hannunta sai an naɗe shi bisa kafaɗa,
In an shimfiɗa ta, ta kusa cika ɗaki.
Alphadi na Nijar tun a 1998
Cikin hamadar Agadas ya baje ɗinki.
Buhun nan kuwa magana ce aka ɗinka:
Masaƙun Bompai da Sharaɗa sun ja birki.
Garin da ya tufatar da Buzu da Balarabe,
Yau sai gwanjo yake jira da ɗoki.

Tela na Fagge:
'Yata, Allah ya yi albarka, kin iya baki,
Amma lifidi an yi shi don tare kibiya.
Ita kafaɗar nan da wa take yaƙi?
Ƙofa ma a karkace ta wuce ta da wuya.
Batun buhu na ji shi har cikin raina,
Maƙwabcina masaƙi yau talla yake a hanya.
Sai dai bakin zani a kalmashe shi,
Ko Faransa za a kai shi ko Italiya.

Hajiya 'Yar Kwari:
To ku ci gaba da gardama, ni na hango abin sayarwa. 'Yata, kai wa mai ɗinkin saƙona.

A zare wayar, a mayar mata da hannu,
A bar shuɗin nan, a nan yake, sirri.
A kawo guda biyar kafin azumi,
In sun tafi sai mu yi maganar ƙari.

Ɗan Marina:
Hajiya, wannan ba ta waƙa ba ce. In kafin azumi kike so, a ba da kafin alƙalami a makon nan, don sabon ruwa zan haɗa, kuma masu ƙulli sai an biya su kafin su ɗauki allura.