Kai kare gandun daji: akwai riba ko wahalar banza ce?

Habu: Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya muka dawo daga Yellowstone, wani babban gandun daji a Amurka, karo na farko ke nan da na yi doguwar tafiya da karena. Ni dai a ganina kai kare irin wannan wuri wahalar banza ce. Kwana 2 muna kan hanya, muna isa aka ce ba zai yi nisan da ya wuce ƙafa 100 daga titi ko wurin ajiye mota ba. Ba ya hawa hanyar katako da ke ratsa maɓuɓɓugan ruwan zafi, ba ya bin hanyar daji ko ɗaya. Ni da uwargida sai karɓa-karɓa muka yi ta yi, ɗaya na kallo ɗaya na zaune da shi. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Habu ɗana, ba don a ƙuntata maka aka kafa dokar ba. Ruwan nan tafasa yake yi, ƙasar da ke bakinsa kuma ɓawo ce kawai. A 2021 wata budurwa karenta ya kufce daga mota ya faɗa maɓuɓɓuga, ta bi shi don ta ceto shi. Ta ƙone sosai, karen kuma bai rayu ba.

Habu: Gaskiya ne Hajiya, amma nawa ba ya barin igiya, kuma tsawonta bai wuce ƙafa 6 da doka ta ce ba. Me zai hana a bar irinsa?

Malam Isa: Igiya ba ta hana wari, Habu. Ɓauna ko beyar ko kyarkeci ba ruwansu da tarbiyyar karenka, suna jin warinsa za su ɗauka maƙiyi ne ya shigo. Inda na saɓa da kai shi ne da ka haɗa duk gandayen ka yi musu kuɗin goro. Gandun Acadia da ke jihar Maine yana barin kare a hanyoyin ƙafa na kusan mil 100, ga kuma tsoffin hanyoyin keken doki mil 45. A gandun Grand Canyon ma, mai babban kwari mai zurfi, a gefen kudu, za ka zagaya da shi a saman kwarin, gangarawa ce kawai aka hana, kuma akwai gidan da ake ajiye karnuka. Wurin da ka zaɓa ne bai dace da shi ba.

Zainab: Ni abin da ya fi damuna shi ne masu kulle kare a mota su ce minti 10 kawai. Da rani mota tanderu take zama ko da an ɗan sauke gilashi. Yaya Habu, madalla da ba ku yi haka ba.

Habu: Wallahi ko kusa. Malam, na karɓi batun Acadia, zan duba. Amma Yellowstone kam, in Allah ya sake kai mu, a gida zan bar shi wurin mai kula da shi.