Ma'aikata na kallon darasi a Moodle amma ba mai cewa uffan, ina gyaran yake?

Ɗan Farin Gada:

Assalamu alaikum masana. Kamfani ne mai ma'aikata kimanin 120, hedikwata a nan Jos, da rassa a Bukuru, Pankshin da Shendam. An ɗora kwas na mu'amala da kwastoma a kan Moodle, manhajar koyarwa ta intanet: bidiyo, takardu, da ɗan gwaji a ƙarshen kowane mako. Wannan ɓangaren yana tafiya. Amma zauren tattaunawar da aka buɗe don su ƙaru da juna, shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. In an matsa musu sai su rubuta "Na gode" ko "Allah ya ƙara basira" su wuce. Laifin manhajar ne ko na tsarin? Kuma ta ina za a fara?

Malamar Horo:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a zargi manhaja, duba su wa ke cikin zauren. In mutum 120 aka zuba wuri guda, har da manajoji da shugaban sashe, to ba za a yi magana ba. Ƙaramin ma'aikaci da ke kan kanta a Shendam ba zai fito ya ce "ban san yadda ake mayar wa kwastoma kuɗinsa ba" alhali ogansa na karantawa, balle ya gyara wa wanda ya girme shi a rubuce. Kunya ce da girmama na gaba, kuma allon kwamfuta bai kawar da su ba, ƙara su ma ya yi, don abin da aka rubuta yana nan zaune. Ko a wuraren da ba wannan al'adar, Jakob Nielsen ya bayyana a 2006 cewa a yawancin zaurukan intanet kusan kashi 90 cikin 100 karatu kawai suke yi, 9 su tofa jefi-jefi, 1 ne ke yawancin rubutun.

Raba su rukuni-rukuni, mutum shida zuwa takwas, ka saita yadda kowane rukuni nasa kawai yake gani. A gauraya rassa, amma kar a haɗa mutum da wanda ke sa hannu a takardar ƙarin girmansa. A cikin mutum bakwai, in ɗaya ya yi shiru ana lura.

Sai tambayar kanta. "Me kuka fahimta daga darasin?" ba ta haifar da komai, don amsarta ɗaya ce kuma tana cikin bidiyon. Kawo abin da ke faruwa a bakin aiki: kwastoma ya tura kuɗi ta waya, an cire a asusunsa, bai shigo naku ba, ga layi a bayansa, ga shi yana ɗaga murya, manaja kuma ya fita. Me za ka fara gaya masa? Za ka ba shi kayan ko a'a? Nan mutum biyu masu hankali za su saɓa, kuma saɓanin ne ake nema.

Yi amfani da nau'in zauren tambaya da amsa na Moodle, wanda ba ya nuna wa mutum amsar kowa sai ya rubuta tasa. Shi ke hana "na yarda da abin da wane ya faɗa". A sa tambaya Litinin, kowa ya amsa kafin Laraba da yamma, ya yi wa mutum biyu sharhi kafin Juma'a da hantsi. Kar wa'adi ya faɗa Juma'a da rana ko Lahadi, ka san yadda garin namu yake.

Injiniyan Bukuru:

Hajiya ta gama magana a kan tsari. Bari in taɓo ƙarƙashin mota, don sau da yawa mutane ba ƙin amsawa suka yi ba, ba su ma san an yi musu magana ba.

Sanarwar zaure tana fita ne ta wani ɗan aiki mai suna cron da ya kamata ya riƙa tashi kowane minti a kan saba, wato kwamfutar da aka girka manhajar a kanta. In wanda ya girka manhajar bai saita shi ba, ko ɗaya ba za ta fita ba, kuma komai zai yi kamar lafiya. Gwaji mai sauƙi: rubuta saƙo da asusun gwaji, jira minti 30 na damar gyara rubutu su wuce, sannan duba imel, har da akwatin tarkace. Wannan minti 30 ɗin kuma shi ne mai amsa zai jira kafin ya ga amsoshin wasu a zauren tambaya da amsa. A gaya musu tun farko, in ba haka ba za su ce abin ya lalace. Sannan in an raba rukunai, dole tambayar ta shiga kowane rukuni. Akwai ɗan akwatin da ake dannawa ya kwafa ta ga dukkansu. In aka manta, ba kowane rukuni ne zai iya amsa ta ba.

"Na gode" ɗin nan da kake gani, sharaɗin kammalawa ne ya jawo shi, wato saitin da ke cewa sai mutum ya tura saƙo kafin a ɗauka ya gama. Manhajar adadin saƙo take ƙirgawa, ba ta karanta abin da ke ciki. Ka haɗa da maki da mai kula da rukuni zai bayar.

Don su duba aikin juna, sashen Workshop na Moodle ne ya dace. Kowa ya miƙa aikinsa, manhajar ta raba wa kowane aiki masu dubawa, uku sun isa. A saitin asali maki 80 na aikin ne, 20 na ingancin dubawa. Matakai biyar gare shi, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a bar shi a matakin shiri, sai ma'aikata su rasa maɓallin miƙawa. Wanda ya miƙa a makare kuma yakan rasa mai duba shi sai an raba masa da hannu. A cire wa ɗalibai izinin ganin sunan mai aiki, a kuma hana rubuta suna cikin takardar. A ba su ma'auni huɗu ko biyar ƙayyadaddu, irin su "ya nemi afuwa kafin bayani?", don in aka ce kawai su ba da maki, kowa zai cika wa ɗan'uwansa.

Mai Rijista:

Ni ina da ja a wuri ɗaya, Hajiya. In aka ware manya gaba ɗaya, wa zai raba gardama? Mutum bakwai sababbi za su iya haɗuwa a kan kuskure su tafi da shi. A ba kowane rukuni gogagge ɗaya daga wani reshe, wanda ba shi da iko a kansu. Aikinsa minti 20 a rana: kar ya yi saurin ba da amsa, ya tambayi wanda ya yi shiru da sunansa, ranar Juma'a ya rubuta layi biyar na abin da aka cimma.

Batun sabis kuma, a rassan nesa kar a dogara da taron bidiyo. Yana cin data sosai, Zoom na kyauta kuma yana yankewa a minti 40. Manhajar Moodle ta waya tana bari a sauke darasi lokacin da ake da sabis, a rubuta amsa ko babu shi, ta tura daga baya. WhatsApp a bar shi wajen tunatarwa da saƙon murya, don wasu sun fi iya bayani da baki, da Hausa ma. Amma abin da aka tattauna can yana nutsewa cikin gaisuwa da sanarwar biki, wanda aka ɗauka aiki baɗi ba zai same shi ba. Kuma kar a yarda a tura hoton rasit mai suna da lambar kwastoma. Dokar kare bayanai ta 2023 ta shafi wannan.

In kamfanin yana biyan kashi ɗaya cikin ɗari na albashi ga ITF, wato asusun gwamnati na horar da ma'aikata, ga hedikwatarsu nan a titin Miango. A tuntuɓe su kafin a fara kwas, a kuma adana rahoton halarta da manhajar ke fitarwa, don ana iya neman a mayar da har rabin abin da aka biya.

Malamar Horo:

Na karɓi gyara, Yallaɓai, da sharaɗin gogaggen ya iya riƙe bakinsa har Laraba. Malam mai tambaya, kar ka juya duka 120 lokaci guda. Fara da rukuni uku na mako huɗu. Abin dubawa shi ne saƙo nawa ne ma'aikaci ya mayar wa ma'aikaci, ba wa malami ba. Taƙaitawar Juma'a kuma a riƙa kwashe ta zuwa shafi guda da kowa zai iya bincikawa, a cire sunaye. In akwai tambayar da suke jin nauyin yi da sunansu, zauren Moodle ba ya ɓoye suna, sai dai a buɗe musu fom ɗin jin ra'ayi, shi ana iya saita shi ba suna, mai kula ya kawo tambayar zaure a matsayin ta mako mai zuwa.